Lacca A Kan Ƙara Da Shiru A Gandun Dajin Yankari



Yau maganarmu a kan kunne take. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a daji ji ne ke gaba, gani na biye. Kafin ka ga giwa za ka ji karayar reshe. Kafin ka ga dorina za ka ji gurnaninta cikin ruwa.

Kun dai san Yankari, a ƙasar Alkaleri ta Bauchi. A 1956 aka keɓe ta don namun daji, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962. A 1991 ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 2,200. A ciki akwai kogin Gaji, da marmaron Wikki mai ruwan ɗumi, da giwa, da ɓauna, da gwanki, da gwaggon biri.

To, mene ne hayaniya? Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani. Wanda ke da rumfa a Kasuwar Kurmi ba ya kiran gunjin kasuwa hayaniya, domin ran da kasuwa ta yi tsit ran nan ba ciniki. Amma a kai rabin wannan gunji ɗakin majiyyaci, kowa zai ce a yi shiru. Ashe ba ƙarfin ƙara kaɗai ke damun mutum ba, har da inda ta faɗo.

Haka abin yake ga baƙon daji. Kukan giwa ya fi rediyo ƙarfi nesa, amma ba wanda ya taɓa kai ƙarar giwa wurin ma'aikata. Shi ya zo nema, shi zai ba da labari in ya koma gida. Rediyo kuwa, da injin lantarki, da hon ɗin mota, da kiɗa cikin waya, ko sun yi ƙasa-ƙasa suna ɓata masa rai, don su ya baro a gari.

A Amurka an auna wannan abu. A 2017 waɗansu masana suka buga sakamakon binciken da suka yi kan wuraren da aka keɓe a ƙasar. Suka sami ƙarar mutane da injunansu ta ninka sautin wurin sau biyu a kashi 63 cikin 100 na wuraren, ta ninka sau goma a kashi 21. Ninki goma kuwa ba wasa ba ne, watau filin da kunnenka ke iya kamawa an cinye tara cikin goma. Tun 1987 ma majalisarsu ta yi doka saboda jiragen sama masu yawo da baƙi bisa babban kwazazzabon nan na Grand Canyon.

Akwai kuma wani kurmi na dogayen itatuwa kusa da birnin San Faransisko, ana ce da shi Muir Woods. Can ba 'yan doka aka zuba ba, ba tara aka ci ba. Alluna kurum aka kafa, ana roƙon baƙi su sassauta murya su kashe waya. Ƙara ta ragu, baƙin da kansu suka goyi bayan abin, har a 2008 aka mai da wani sashe na kurmin wurin shiru na dindindin. Ku duba, jama'a: mutum in an gaya masa dalili, yakan bi ba tare da bulala ba.

Dabbobin fa? Su kunne ne jarinsu. Da shi gwanki ke jin zaki, da shi tsuntsu ke kiran abokiyarsa. A 1984 wata masaniya, Katy Payne, ta gano giwaye na magana da juna da wata murya mai zurfi wadda kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Saboda haka in mun cika daji da ihu, naman zai nausa ciki. Baƙo ya biya kuɗin ƙofa bai ga kome ba, ba zai komo ba. Sai mai tuwo, da mai tsire, da direban da ke jigila zuwa ƙofar Mainamaji su kwana da hasara.

Kada kuma wani ya ce shiru kayan masu kuɗi ne. Attajiri na iya gina gida bayan gari ya huta. Talakan da ke kwana gefen injin niƙa, shi ya fi kowa bukatar wurin da kunnensa zai sarara.

Don haka ga abin da muke roƙo. In ƙungiyarku ta yi hayar mota zuwa Yankari, musamman hutun Salla, a yi raha a masauki da rana, amma in an shiga daji a kashe kiɗa, direba ya bar hon, a tsawata wa yara da lalama. Masu kula da gandu kuma muna roƙonsu su kafa alluna da Hausa, boko da ajami, su nisanta injuna daga ɗakunan kwana, su yanke lokacin da kiɗa zai tsaya da dare, ga babba da ƙarami duka ɗaya.

Kunne ya girmi kaka. Mu bar wa jikokinmu abin da za su ji.