Kifin Da Ya Daina Jin Tsoro



In aka ce kogi ya gurɓata, abin da mukan hango shi ne matattun kifaye bisa ruwa, ciki sama. To, yau za mu yi magana ne kan gurɓatar da ba ta kisa, sai dai ta sauya wa kifi hali.

Maganin kwantar da hankali da majiyyaci ya sha, ba dukkansa jiki ke cinyewa ba. Saura yakan fita cikin fitsari ya bi magudana, matatun ruwan ƙazanta kuwa ba a gina su don tare irinsa ba. Gurbin da maganin ke kamawa a ƙwaƙwalwar mutum, kifi ma yana da shi.

A 2013 masanan Jami'ar Umiya ta ƙasar Swidin suka ba da labarin samun oksazefam a kogin Firis, kusa da birnin Ufsala. Kada sunan ya ruɗe mu: wanda ya sha Valium, jikinsa kan mai da wani sashe nasa oksazefam. Masanan suka sa 'ya'yan kifi kwana 7 cikin ruwa mai maikirogiram 1.8 na maganin a kowace lita, watau bai kai kashi 2 cikin miliyan dubu ba. Kifayen suka ƙara kai-da-kawowa, suka ƙaurace wa 'yan'uwansu, suka riƙa cin abinci da sauri. Wani zai ce ai gaba ta kai su. Amma ƙaramin kifi ba ya da garkuwar da ta wuce taro da tsoro. Wanda ya ware shi kaɗai, shi babban kifi ke fara gani.

An sake ba da labarin irin haka a 2025, daga kogin Dal na Swidin ɗin dai. 'Ya'yan kifin samon da aka sa wa kulobazam, maganin fargaba da farfaɗiya, sun fi saurin ƙetare madatsun ruwa, kuma sun fi yawan isa tekun Baltik. Sai dai a ɗakin gwaji, da aka kawo kifin da ke farautarsu, ba su dunƙule kamar sauran ba.

Abin da ya dame mu, musamman waɗanda za su riƙe ma'aikatun ruwa a cikinmu, shi ne ma'auni. Gwajin dafi da aka saba yi yakan ƙidaya kifi nawa suka mutu, nawa suka girma, nawa suka hayayyafa. Kifin da ya daina jin tsoro, a takardar wannan gwaji lafiyayye za a rubuta shi.