Abincin Kajinku Da Ƙuri'arku

Manoma, makiyaya, da iyayenmu mata masu kiwon kaji a tsakar gida, ku matso kusa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Magana ta cika kasuwanni a kan masara da waken soya waɗanda masana suka sauya wa ƙwayar halitta. Har wasu na cewa duk wanda ya ci ƙwan kazar da aka ba wannan hatsi zai kamu da ciwo. To, bari mu feɗe muku biri har wutsiya.

Akwai wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, ana ce mata Bt, tana fid da sinadarin da ke kashe tsutsa. Masana suka ɗauki wannan hali nata suka sa cikin iri, tsutsa in ta ci ganyen sai ta mutu. Wani irin kuwa an sa masa jure maganin ciyawa. Tun 1996 ake noma su a Amurka, fiye da kashi 90 cikin 100 na masara da waken soyansu irin wannan ne, haka nan yawancin na Burazil da Ajantina. Ke nan abincin kaji da aka haɗa da hatsin can, da wuya a rasa shi ciki.

Mu dawo gida Nijeriya. A 2015 aka kafa hukumar NBMA mai ba da izinin irin waɗannan amfanin gona. A 2019 aka amince da wake SAMPEA 20-T, a 2024 kuma masara TELA, dukansu daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. An yi TELA don ta kare kanta daga tsutsar nan da ta faɗa wa gonakinmu tun 2016. A watan Mayu na 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata har a yi bincike.

Batun lafiya fa? A 2016 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike masu yawa, ba ta sami shaidar cewa wannan hatsi ya cuci mutum ko dabba ba. Cikin kaza yana narkar da shi kamar kowane hatsi. Wadda ya kamata ku ji wa tsoro ita ce masarar da aka adana da laima har ta yi funfuna. Tana da guba, aflatoksin, mai lalata hantar kaza, tana kuma bi ta cikin nonon saniya ta kai ga yaranku. Ku shanya hatsinku ya bushe ƙayau kafin ya shiga rumbu.

Amma jama'a, da sauran rina a kaba. TELA irin aure ce, in ka ajiye zangarniya ka shuka baɗi amfanin zai ragu, sai ka sake sayen sabo. Hatsin ƙetare kuwa in ya shigo lokacin kaka, farashin naku ne zai faɗi.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi abu uku a gaban jama'a:

Na ɗaya, zai tsaya a rubuta a jikin kowane buhun abincin dabbobi, da Hausa, irin hatsin da ke ciki?

Na biyu, zai tsaya a ci gaba da samun irinmu na gida a kasuwa, don wanda yake so ya ajiye irinsa ya ajiye?

Na uku, zai tsaya masu haɗa abincin kaji su fara sayen masararku kafin a waiwayi ta ƙetare?

Wanda ya amsa a fili, ku riƙe maganarsa, ku bi shi bashinta. Wanda ya kauce ya miƙo muku sabulu da gishiri, kun san matsayinsa. Ranar zaɓe ku fito da sassafe da katinku, maza da mata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaɓa mana shugabanni nagari. Amin.