Maganin Tazarar Haihuwa da Halin Zuciyar Mace

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta, mas'ala ce wadda mata suka daɗe suna tattaunawa a gidajen suna da ɗakunan kitso tun kafin masana su ba ta muhalli a littattafansu, wato ko magungunan tazarar haihuwa masu ɗauke da sinadarin homon, kama daga ƙwayar da ake sha kullum, zuwa allurar wata biyu da ta wata uku, zuwa ashanar da ake sakawa a damtse, har zuwa robar mahaifa mai sakin sinadari, suna taɓa halin zuciyar mace, ko kuwa zato ne kurum. Hukuncin tazarar kansa na bar wa fukaha'u, waɗanda suka yi bahasin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, tun ƙarnonin farko. Abin da nake nufin tabbatarwa shi ne, shaidar da mace ta bayar game da abin da take ji a ranta hujja ce abar karɓa, kuma likitanci ya yi hasara duk sa'ad da ya yi watsi da ita.

A shekarar 1956 Gregory Pincus da John Rock, masana biyu daga Amurka, suka kai gwajin ƙwayar farko tsibirin Porto Riko, inda aka raba ta ga matan talakawa. Likitar da ke kula da su, Edris Rice-Wray, ta kai rahoton cewa kimanin kashi 17 cikin 100 suna kukan tashin zuciya da jiri da ciwon kai, amma shugabannin gwajin suka ɗauki mafi yawan wannan a kan waswasin mata, har aka amince da ƙwayar, mai suna Enovid, a 1960, alhali sinadarin istirojin da ke cikinta ya ninka na ƙwayoyin yau sau huɗu ko fiye. Da majalisar dattawan Amurka ta zauna sauraron bahasi a kanta a 1970, bayan littafin da Barbara Seaman ta wallafa a 1969, sai aka gayyato masana aka bar masu shan ƙwayar, har wasu mata suka miƙe daga cikin 'yan kallo suka katse zaman suna tambayar dalilin da ya sa ba a nemi jin ta bakinsu ba. Daga wannan hatsaniya ne aka wajabta sanya takardar gargaɗi a cikin kwalin maganin.

To, ta wace hanya maganin da aka yi domin mahaifa zai isa ga zuciya? Hikimar Ubangiji ta sa sinadaran nan biyu da ƙwan mace ke fitarwa, istirojin da furojestaron, suna bin jini su kai ga ƙwaƙwalwa, inda akwai guraben da aka tanada domin karɓarsu a sassan da ke kula da tsoro da fushi da natsuwa. Istirojin yana da hannu a aikin sarotonin, wanda yawancin magungunan ciwon damuwa suke aiki ta kansa. Furojestaron kuwa jiki yana sarrafa shi ya zama wani sinadari, alofuregnanolon, mai sanyaya jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta ƙofar da magungunan barci suke bi. Idan mace ta fara shan ƙwaya, sai ƙwanta ya dakata, abin da jikinta yake yi da kansa ya ragu, a musanya shi da na kamfani, wanda ya yi kama da na asali amma bai zama shi ba. Wata jikinta ba zai ko lura ba. Wata kuma, musamman wadda dama ranta yakan ɓaci ƙwarai gab da zuwan al'ada, ko wadda ta taɓa shiga ƙunci bayan haihuwa, tana iya jin canjin sosai, domin abin da ya bambanta ta da sauran mata shi ne yadda ƙwaƙwalwarta ke amsa hawa da saukar sinadarin, ko da adadinsa a jininta daidai yake da na kowa.

Binciken da ya fi shahara a wannan fage an yi shi a ƙasar Denmak, wadda ke rubuta duk maganin da likita ya ba ɗan ƙasa. Charlotte Skovlund da Øjvind Lidegaard da abokan aikinsu na Jami'ar Kofanhegan sun bi bayanan mata fiye da miliyan ɗaya, masu shekara 15 zuwa 34, suka wallafa sakamakon a 2016. Sun tarar masu shan ƙwaya mai sinadari biyu sun fi waɗanda ba sa sha fara karɓar maganin damuwa da kashi 23 cikin 100, masu shan mai sinadari ɗaya da kashi 34, a wajen 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da ke shan mai sinadari biyu kuwa ƙarin ya kai kashi 80, kuma abin ya fi tsanani wajen wata na shida da farawa. Allura da ashana sun nuna alaƙar da ta fi ta ƙwaya ƙarfi.

Amma a nan wajibi ne mai ilimi ya yi taka-tsantsan, domin alƙaluma suna da ruɗi. Idan aka mayar da lissafin ga adadin mutane, cikin mata 1,000 da ba sa amfani da komai kimanin 17 ne suke fara maganin damuwa a shekara, cikin masu shan ƙwaya kuwa kimanin 22, ke nan mafi rinjaye ba abin da ya same su. Sa'an nan, kamar yadda malaman usulu suka karantar da mu, haɗuwar abu biyu a lokaci guda ba ta isa ta tabbatar da cewa ɗaya illar ɗaya ne ba. Yarinyar da ta fara shan ƙwaya sau da yawa ta shiga wani sabon yanayi na rayuwa mai nasa damuwar. Domin warware wannan shubuha, masana a Istokholm ta ƙasar Suwidin suka raba mata 340 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu ƙwaya ta gaske, wasu ta banza, wata uku, ba wadda ta san abin da take sha. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna masu shan ta gaske sun sami raguwar walwala da kuzari, amma ba a ga ƙarin ciwon damuwa na sosai ba. Akwai ma matan da ƙwaya take zame wa waraka, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2006 da wata mai suna Yaz domin masu tsananin ƙunci kafin al'ada.

Bari in ɗan ratse in ba maza labarinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar tazara a jikin maza 320, kuma ɗaya daga sinadaran da ke cikinta shi ne ainihin wanda ke cikin allurar wata biyu da ake yi wa matanmu. Allurar ta yi aiki, amma a 2011 kwamitin sa-ido ya tsayar da gwajin, kuma canjin hali da ƙuncin rai suna cikin manyan dalilan. Ban ce kwamitin ya yi kuskure ba, illa dai ina fata a auna kukan mata da mudun da aka auna na maza.

A ƙasarmu mas'alar ta fi haka sarƙaƙiya, saboda lokacin da mace ta fi zuwa neman tazara shi ne bayan ta yi arba'in, tana shayarwa, ba ta samun barci, wanda kuma shi ne lokacin da ciwon damuwa na bayan haihuwa yake bayyana, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kusan ɗaya cikin biyar na masu jego a ƙasashe masu tasowa. Idan irin wannan baiwar Allah ta dawo asibiti ta ce, tun da aka sa mini ashanar nan ban san kaina ba, abu kaɗan sai kuka, ko yarana ba na son hayaniyarsu, sai ma'aikaciya ta ce mata ki yi haƙuri zai bi jiki, a gida kuma uwar miji ta ce iska ce ko sammun kishiya, a nufi wurin mai ruƙiyya. Kowa ya yanke hukunci, ba wanda ya tambaye ta yaushe abin ya fara, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Watakila ashanar ce, watakila jegon ne, watakila zaman gidan ne, kuma tambayar nan guda ita ce mabuɗin rarrabewa.

Saboda haka nake roƙon ma'aikatanmu, kamar yadda ba sa ba da ƙwaya sai sun auna hawan jini, su riƙa tambaya tun kafin farawa ko mace ta taɓa shiga ƙunci mai tsawo, ko tana shan maganinsa, su kuma sa mata ranar dawowa a cikin watannin farko. Su bayyana mata bambancin da ba a cika faɗa ba: ƙwaya ana iya daina ta gobe, ashana ana iya cire ta duk ranar da mai ita ta nema, kuma haƙƙinta ne a cire, amma allurar wata uku in ta shiga sai ta ƙare wa'adinta. Wadda homon bai karɓe ta ba, akwai robar mahaifa ta jan ƙarfe wadda babu sinadarin a cikinta ko kaɗan, kuma canja hanya ya fi mata alheri a kan ta watsar da komai a ɓoye ta sami cikin da jikinta bai shirya masa ba. Wadda kuwa ƙuncin ya kai ta ga ƙin abinci, ko tunanin halaka kanta, wal'iyazu billahi, a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa a ranar, ko a asibitin Dawanau ne, ko na Kware, ko na Barnawa, mijinta ko ɗan'uwanta ya raka ta, addu'a kuma ta bi su a hanya.