Shekarar Saki: Jawabin Ranar Murnar Shekara Hamsin

Cikin Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umurci Isra'ilawa su busa ƙaho a shekara ta hamsin, bawa ya koma wurin danginsa, gonar da aka sayar ta koma hannun mai ita. Ashe biki irin namu na yau ranar saki ne. Saboda haka muna so mu yi magana a kan wata bauta wadda ba a ganin igiyarta.

Kun san kogin Dinder. Da damina ya kan sauko daga duwatsun Habasha da ƙarfi, da rani kuwa sai yashi da 'yan tafkuna. Wanda ya gan shi da rani zai ce ya mutu, amma da ruwa ya zuba sai ya bi tsohuwar hanyarsa. Haka hali ya ke. Mutum ya tuba, an yi masa baftisma, ya yi wata shida lafiya. Ran nan wani ya faɗa masa baƙar magana a kasuwa, ya haɗiye, ya komo gida ya huce a kan matarsa da ɗansa, daidai yadda ubansa ya kan yi. Wani kuma kowace shekara ya kan karɓi bashin ɗan kasuwa tun dawa ba ta nuna ba, da kaka a kwashe masa rumbu, ya rantse ya bari, baɗi ya koma. Mu ma masu wa'azi ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka tashi daga addu'a muka yi wa 'ya'yanmu tsawa irin wadda mu kanmu muka yi kuka a kanta muna yara?

Ina tushen abin? Sau da yawa tsohon miki ne da ba a wanke ba. Kakannin waɗansunmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Mai Wurno har suka kafa gari kusa da Sannar. Waɗansu hanyar Makka ce ta kawo su, suka tsaya tsinkar auduga a Jazira don neman guzuri, har zama ya kama su. An haife mu nan, duk da haka a kan ce da mu baƙi. Wanda ya bi Almasihu kuma ya kan sha gorin danginsa. Bisa wannan sai ga yaƙin da ya tashi a Khartum a watan Afrilu 2023, ya iso Sinja da Dinder cikin 2024. Tsoro da kunya da baƙin ciki da aka danne ba su kan ɓace ba, su kan nemi ƙofar fita, mafi kusa kuwa ita ce mutanen gida.

Mu duba gidan Ibrahim cikin Littafin Farawa. Saboda tsoro Ibrahim ya ce da Saratu 'yar'uwarsa ce, har sau biyu. Ishaku ya faɗi haka a kan Rifkatu. Yakubu ya ruɗi ubansa da fatar 'yan awaki, daga baya 'ya'yansa suka ruɗe shi da jinin bunsuru a rigar Yusufu. Ishaku ya fi son Isuwa, Yakubu ya fi son Yusufu. Mutanen alkawari ne fa, amma ƙarya da sonkai suna bin su tsara zuwa tsara.

A kan Yusufu igiyar ta tsinke, shi da aka kai shi ƙasar kogin Nilu baƙo, bawa. Ya sa wa ɗan farinsa suna Manassa, don yana tsammani ya manta da wahalarsa. Amma da ya ga 'yan'uwansa sai ya yi musu magana da zafi, ya ɓoye musu kansa. Mantuwa ba ta warkar da shi ba. Sai a sura 45 ya bayyana kansa, ya ambaci abin da suka yi masa bai rage ba, ya yi kuka da ƙarfi har Masarawa suka ji, sa'an nan ya rungume su ya ciyar da su.

Ga abin da muke roƙonku. Da fari, kowa ya kira halinsa da sunansa a gaban Allah, kada ya ce gado ne. Na biyu, ya nemi wani dattijo ko wata uwa mai riƙe asiri cikin ikilisiya, ya faɗa masa inda ke yi masa ciwo. Kuka ba kunya ba ne ga namiji, Ubangijinmu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Wanda barci ya gagare shi tun da ya ji ƙarar bindiga, a yi masa addu'a, a kai shi wurin likita kuma. Na uku, a yafe, a kuma nemi gafara, ko da wurin yaro ne. Yafewa ba ta nufin mace ta zauna ana dukanta ta yi shiru, wajibi ne dattawa su shiga tsakani.

Na huɗu, a haƙa sabuwar hanya. Da aka gama madatsar Sannar a 1925, ruwan da dā ya kan wuce ya shiga magudanai ya rayar da gonakin Jazira. Amma kowane manomi ya sani in ba a yashe magudana ba, laka da ciyawa su kan toshe ta. Ruhu Mai Tsarki shi ne mai juya zuciya, namu shi ne yasa ta kullum da addu'ar safe a gida, da fita waje in fushi ya taso, da shawara kafin a ci bashi. In ka fāɗi, tashi ka koma wurin Mai Ceto, gama bai gaji da kai ba.

Allah ya sa jikokinmu, sa'ad da za su taru a biki na gaba, su ce a zamaninmu ne igiyar ta tsinke. Alherin Ubangijinmu Yesu ya tabbata tare da ku duka. Amin.