Guzurin sojan kiyaye zaman lafiya: wa ke saye, wa ke biya?

Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na Gazawa, Agye da Gidan Rumji.



Maganar yau ta shafi jakar da soja ke ɗaurewa idan aka kira sunansa cikin masu tafiya aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa. Wani zai ce wannan zancen bariki ne, ba ruwan mai shago ko mai teburin ofis. Amma kayan da ke cikin jakar daga kasuwa suke fitowa, kuɗin biyansu kuwa ta hannun ma'aikata suke bi, don haka kowa a wannan zama yana da hannu a ciki.

Fita waje ba sabon abu ba ne ga sojan Nijar. Ya je Saudiyya a 1990 lokacin rikicin Kuwaiti, ya je Ruwanda a 1994, ya shiga rundunar ECOMOG a Laberiya a 1997 da Gini Bisau a 1999. Ya yi aiki a Kodibuwa daga 2003, da farko ƙarƙashin CEDEAO, daga baya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta rufe aikinta can a 2017. Ya kuma zauna a Ansongo da Menaka cikin rundunar MINUSMA ta Mali, wadda aka naɗe tabarmarta a ƙarshen 2023. Tafiyar ba yawon buɗe ido ba ce: ran 8 ga Yuni 2012 an kashe sojan Nijar 7 kusa da Tayi a yammacin Kodibuwa, ran 3 ga Oktoba 2014 kuma aka kashe 9 a hanyar Ansongo zuwa Menaka. Allah ya jiƙansu.

Guzurin irin wannan tafiya kashi uku ne: akwai na wuyan hukuma, akwai wanda soja ke saye da kuɗinsa, akwai kuma wanda ake barin sa gida.

Na wuyan hukuma shi ne farko. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da soja nata, aro take yi daga ƙasashe. Abin da take ba mutum shi ne shuɗiyar hula, da bajo, da ƙyallen wuya, sai abinci da ruwa a fagen aiki. Kaki, takalmi, hular kwano, rigar sulke da bindiga, duk ƙasar da ta tura shi ce ke ba shi, Majalisa kuma ta biya ƙasar. Kafin 2014, ban da kuɗin aiki, ana ware dalar Amurka 68 a wata kan kowane soja domin tufafi da kayan jiki, da dala 5 domin makami. Daga Yuli 2014 aka haɗe su wuri ɗaya, kuɗin ya kai dalar Amurka 1,428 a 2018, sannan 1,448 a 2022. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A kuɗin sefa abin ya haura jika 700 kowane wata. Wannan kuɗi baitulmalin ƙasa yake shiga, gwamnati ce ke yanke rabon da za ta ba sojan. Abin da Majalisa ke danƙa masa hannu da hannu kullum bai kai dala ɗaya da rabi ba. Saboda haka idan aka ga soja yana neman takalmin aiki ko gidan sauro bashi a kasuwar Gazawa, akwai tambayar da ya kamata a yi a Yamai, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kashi na biyu shi ne sayayyar kasuwa, kuma ƙa'idarta ɗaya ce: ƙasar da za a je ita ke rubuta jerin kaya. Yaron da ya tashi a tudun Agye, inda tufa ke bushewa kafin a gama shanya, bai san dajin Tayi ba, inda ruwa ke zuba wata da watanni, takalmi ba ya bushewa, tsakanin yatsun ƙafa ya dinga ruɓewa. Mai zuwa irin wannan wuri yana bukatar safa ta auduga masu yawa, da hodar ƙafa, da rigar ruwa, da leda mai kauri ta naɗe tufafi da takardu. Mai zuwa sahara irin ta Menaka kuwa rawani yake bukata, da tabarau na ƙura, da man shafawa, da bargo mai nauyi, domin daren hunturu can ba ya da sauƙi. Kowannensu ba ya rasa buta, darduma, tasbaha, sabulu, reza, allura da zare, cocila, kwaɗon rufe jaka, da ɗan faifan hasken rana na cajin salula. Nauyin kayan da jirgi ke ɗaukar wa mutum ƙayyadadde ne, wanda ya cika jaka da shadda da turare sai ya bar abin amfani a filin jirgi.

Abinci na tafiya, shi ma da lissafi. Rundunar tana ciyar da mutanenta, guzurin gida na gyaran baki ne da rage kewa. Yaji, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli da garin rogo suna daɗewa, ba su da nauyi. Kilishin Gidan Rumji da dakuwar ayar da ake nomawa a wannan yanki suna jure bushewar sahara, amma a ƙasar damina fumfuna ke cinye su cikin ƴan kwanaki, wasu ƙasashen ma ba su yarda a shiga musu da nama. Ɗan kasuwa na ƙwarai yakan tambayi mai saye inda ya dosa kafin ya auna masa.

Magani kuwa ba na teburin kasuwa ba ne. Ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro likitan soja ke bayarwa, shi ya san adadinta da ranar fara shanta. Allurar shawara sai ta kwana 10 kafin katinta ya fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwayar jabu da ake tallarta a kai, wadda ta sha rana a hanya, tana iya kashe wanda harsashi ya kuskure. Tsabta ma makami ce: kwalarar da ta ɓarke a Haiti a 2010 daga sansanin sojan Majalisa ta fito, ta kashe mutum kusan 10,000, har Ban Ki-moon ya nemi gafara a Disamba 2016. Haka nan duk mai cusa wa soja tiramol ko hajar sayarwa cikin jaka, ya sani yana iya jawo masa kora da zubar da mutuncin tutar ƙasa.

Kashi na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne takardun da ake bari gida. Aure da yawa a ƙauyukanmu a masallaci aka ɗaura su, ba a kai su ofishin magajin gari ba, yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Idan ƙaddara ta faɗa, diyyar da Majalisa ke biya, wadda aka ɗaga zuwa dalar Amurka 77,000 a 2018, ta hannun gwamnati take bi, gwamnati kuma takarda take karantawa. Matar da ba ta da shaidar aure sai ta ƙare takalminta tsakanin Maraɗi da Yamai. Ya kamata kafin tashi soja ya gyara takardar aure da ta haihuwar ƴaƴa, ya rubuta takardar wakilci ga wanda zai karɓi albashinsa, ya kuma rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, gaban shaidu. Wasiyya ba ta kawo ajali.

Nan ne maganar ta koma siyasa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin soja yana da bindiga. Mutumin da ya ci bashin guzuri, ya bar iyalinsa suna karɓar hatsi a shago da alkawarin "sai na dawo", idan ya dawo aka ce kuɗinsa ba su fito ba, mai shago na ƙofar gidansa, shi kuwa fushinsa bariki zai kai shi. A Kodibuwa sojan da suka dawo daga aikin Majalisa a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya sun yi bore kan kuɗinsu ran 23 ga Disamba 1999. Washegari mulkin Henri Konan Bédié ya faɗi, Janar Robert Guéï ya hau. A Akure ta Najeriya, sojan da suka dawo daga Laberiya sun tare hanya a Yuli 2008 kan alawus ɗinsu, aka yanke wa 27 ɗaurin rai da rai a 2009 kafin a sassauta. Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan: a ƙarshen Fabrairu 1992, zamanin riƙon ƙwarya na Amadou Cheiffou, soja sun kama gidan rediyo a Yamai saboda albashin da suke bi, har suka tsare André Salifou. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, me ake roƙo? Ga ƴan kasuwa: a sayar wa mai tafiya kaya na gaskiya bisa farashin kowa, kada a ninka don an ji sunan dala, kuma kowane bashi a rubuta shi da ranar biya. Ga ma'aikata, tun daga magatakardan magajin gari har zuwa mai lissafin baitulmali: takardar iyalin soja kada ta kwana a aljihun tebur tana jiran goro. Ga hukuma: duk ranar da za a sake tura runduna waje, a faɗa wa kowane soja a rubuce, kafin ya hau jirgi, kayan da za a ba shi, da rabonsa cikin kuɗin wata, da lokacin biyansa, a kuma bar jaridu da wakilan jama'a su ga lissafin.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba ƙasa zaman lafiya.