Yunwar Ciki Da Yunwar Zuciya

Ƙila wani ya yi mamakin maudu'inmu na yau, ya ce: a lokacin da jama'a ke fafutukar abin sakawa a bakin salati, wa ke da sukunin maganar yawan ci? Amsarmu ita ce, ba yawan abincin muke tuhuma ba, dalilin cin sa muke tambaya.

Mu tuna daminar 2022, sa'ad da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ya shanye gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, mutanen cikin gari kuma suka riƙa kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Bayan ruwa ya janye, mun ga magidancin da bashin taki ya hau kansa yana wuni a teburin mai shayi, kofi na bin kofi, sukari cokali huɗu. Da dare kuma ɗan abin da ya rage masa ya tafi wurin mai tsire, ya ci a lungu shi kaɗai, alhali ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Haka nan akwai 'yar'uwar da ɓacin ran zaman gida ke hana ta barci, sai ta tashi tsakar dare ta buɗe kwanon sauran tuwo, ba don ba ta ci da magariba ba.

Likitoci sun yi bayanin cewa firgici na ɗan lokaci yakan ɗauke sha'awar abinci, amma idan damuwa ta daɗe, sai jiki ya yawaita wani sinadari da suke kira kotisol, wanda ke ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Mutum ya ci, ya sami sauƙi na mintoci, damuwar ta dawo, ya koma. A kan wannan hanya ake gamuwa da ƙiba da ciwon sukari da hawan jini. Alamar kuwa a fili take: yunwar ciki a hankali take zuwa, ko ɗumame aka ba ta za ta karɓa, kuma tana tsayawa idan an ƙoshi. Ta zuciya farat ɗaya take faɗowa, abu guda take nema, nadama ke biyo bayanta.

Kada a fahimce mu da cewa abinci ba shi da gurbi a wajen mai baƙin ciki. Yayin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa idan aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha (RA), mata suka watse, ya rage sai makusanta, takan sa a dafa talbina ta ce su ci, domin ta ji daga Manzon Allah cewa tana sanyaya zuciyar maras lafiya, tana rage baƙin ciki. Talbina kuwa ba wani abu ba ne illa kunun garin sha'ir, wani lokaci da madara ko zuma, ɗan'uwan kunun geronmu.

A nan muke son ku tsaya tare da mu. Wannan abinci maras nauyi ne, wani ne ya dafa ya kawo, kuma a cikin mutane aka ci shi. Tsiren lungu ya saɓa masa ta dukkan fuskoki ukun nan. Mai talbina ya sami abinci tare da mai jajanta masa, mai tsire ya sami abincin kawai, shi ya sa gobe zai koma. Saboda haka, a ganinmu, rabin laifin yana kanmu maƙwabta, da muke kai gudummawar buhu ranar ambaliya, sannan wata uku ya wuce ba mu leƙa mun ce “ya aka ji da haƙuri?” ba.

Kai kuma ɗan'uwa, idan hannunka ya nufi kwano ba a lokacinsa ba, dakata gwargwadon alwala da raka'a biyu, ka tambayi kanka: me ya faru da ni kafin wannan sha'awa ta taso? Idan yunwa ce, ci, ka bar gurbin ruwa da na numfashi kamar yadda hadisin Miƙdamu ya karantar. Idan bashi ne, tsire ba ya rage ko kwabo daga cikinsa, je ka sami mai bin ka ku yi magana. Idan kuwa damuwar ta kai makonni tana hana barci da sana'a, wannan ciwo ne irin na zuwa asibiti, kuma babu kunya ga magidanci ya faɗa wa likita haka da bakinsa.