Dabbobi ma suna da haƙƙi a kanmu, in ji Malam

A zaman karatun matasa na wannan makon, Malam ya yi jawabi a kan masu fafutikar kare haƙƙin dabbobi a ƙasashen Turai da Amurka. Ga taƙaitaccen abin da ya faɗa.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya ce da yawa daga cikin 'yan uwa in sun ji an ce Turawa suna zanga-zanga saboda zomo ko biri, dariya suke yi. Ya ce kafin mutum ya yi dariya, ya kamata ya san abin da ake yi wa dabbobin.

Ya ce a shekarar 1944 wani masani a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, mai suna John Draize, ya fito da wata hanyar gwaji. Sai a ɗaure zomo yadda ba zai iya motsa kansa ba, a ɗiga masa sinadari a ido, a yi kwanaki ana duba irin ɓarnar da ya yi. Da wannan hanya kamfanoni suka shekara da shekaru suna gwada sabulun wanke gashi da kayan kwalliya. "Ba don a warkar da mara lafiya ba," in ji Malam, "don dai a sayar da kayan shafe-shafe."

Daga nan ya juya kan cinikin fatu masu gashi. Ya ce akwai wata 'yar dabba mai laushin gashi da ake kira mink, wadda Allah ya halitta tana rayuwa a bakin ruwa. Ana kiwon ta a kejin waya da tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, in ta yi 'yan watanni a kashe ta da iskar gas a feɗe fatar. Riga ɗaya takan ci fatu gommai. A shekarar 2020, da cutar korona ta ɓulla a gidajen kiwon ƙasar Denmak, gwamnati ta sa aka kashe kusan miliyan 17. Ya ce a ranar ne mutane da yawa suka san yawan rayukan da ke tsare saboda rigar alfahari.

Malam ya ci gaba da cewa masu fafutikar sun ci nasarori, kuma akwai darasi a yadda suka ci. A 1980 wani mai suna Henry Spira ya sayi shafi guda a jaridar New York Times ya tona yadda kamfanin Revlon yake gwaji a idon zomaye. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya ware dala 750,000 domin binciken wata hanyar gwaji da ba ta buƙatar dabba. A 1981 kuma Alex Pacheco, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar PETA, ya shiga aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a garin Silver Spring, ya ɗauki hotunan birai 17 da halin da suke ciki, har 'yan sanda suka je suka kwashe su. Ingila ta yi dokar hana kiwon dabbobi don gashinsu a shekarar 2000. Tarayyar Turai kuma a 2013 ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi. Ya ce akwai wasu da suka ɗauki hanyar ƙona gine-gine da tsoratar da ma'aikata, waɗannan kurkuku suka ƙare, jama'a kuma suka guje su. Waɗanda suka kawo hujja suka yi haƙuri su ne suka canza doka.

Sai dai Malam ya ja hankalin 'yan uwa cewa ba duk abin da waɗannan mutane suke faɗa Musulmi zai karɓa ba. Wasunsu suna daidaita mutum da dabba, suna haramta cin nama da Allah ya halatta. Ya ce ma'aunin shi ne a raba larura da ƙawa. A 1921 a birnin Toronto da karnuka aka yi gwajin da aka gano insulin, wanda masu ciwon sukari suke rayuwa da shi har yau. Wannan larura ce, kuma ita ma tana da iyaka: in akwai wata hanya a bi ta, in babu a rage yawan dabbobin, a rage masu azaba. Amma makantar da zomo saboda jan baki, ko tsare dabba saboda matar attajiri ta yi ado, wannan zalunci ne, ko da doka ta yarda.

Ya tunatar da cewa Manzon Allah (S) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya hana a mayar da abu mai rai abin koyon harbi, ya hana yi wa dabba lalas a fuska, ya yi umarni da a wasa wuƙa kafin yanka. "To mu da muke da wannan koyarwa, ta yaya wasu za su riga mu?" in ji shi.

Malam ya ce kada wani ya ɗauka maganar ta Turai ce kaɗai. Cinikin fatu ya iso ƙofarmu ta hanyar jaki. Ana yanka jakuna ana kai fatunsu ƙasar Sin, inda ake dafa su a yi wani magani da ake kira ejiao. Abin ya kai jaki ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye, har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma a watan Fabrairun 2024 ta amince da hana yanka su saboda fata. Ya ce jakin da aka yanka don fata, shi ne mai ɗauko ruwa da kai taki gona, don haka zaluncin ya haɗa da dabba da mai ita.

A ƙarshe ya ce kowane ɗan uwa ya fara da gidansa. Ya duba kayan da yake labta wa jaki, da kajin da ake ratayewa kai a ƙasa tun daga ƙauye har kasuwa, da ƙannensa masu harbin tsuntsaye da danƙo don wasa, da akuyar da ke ɗaure a rana babu ruwa. Ya ce wanda zuciyarsa ta saba da azabtar da abin da ba ya iya kai ƙara, ba zai yi wa mutum adalci ba ranar da ya samu iko.

An rufe zaman da addu'a.